Kwana Casa'in da Shida Ba a Ja Ni Ba

Haapsalu, ranar Alhamis da la'asar

Ya Leelo, sanyin idona, ɗumin ƙirjina, 'yar tsibiri mai idanu kalar teku ranar da iska ta kwanta! Ya ke ranar tsakiyar hunturu da ke leƙowa na ɗan lokaci ta sa gari duka ya fito ƙofa yana ɗaga fuska! Ke ce ƙanshin baƙin burodi da aka ciro daga tanda yanzun nan, ke ce garwashin da ke kwana da ransa a ƙarƙashin toka, ni kuwa mai sharar bututun hayaƙi ne, babu wanda ya fi ni sanin garwashi a duk gundumar nan. Ina gaishe ki da hannu biyu, duk da cewa duka biyun baƙi ne ƙirin da kunkunniya. Kin ga shatin yatsuna a gefen takarda. Ki yi mini uzuri, zumuɗi ne ya hana ni tsayawa wanke su.

An buɗe hanya, Leelo! An buɗe hanyar teku! Na san kin riga ni ji, tunda mahaifinki Baba Endel ne ya yi mako biyu yana huda ƙanƙara yana auna kaurinta, shi ne kuma ya kakkafa rassan da ke nuna gefen hanya tun daga bakin gaɓarmu har zuwa taku. Amma ki bar ni in faɗa da bakina, don tun safe maganar ke yi mini tsalle a maƙogwaro. Teku ta daskare, ta shimfiɗu fari fat tsakanina da ke, kilomita goma da mota za ta iya takawa! Shekara guda ina kallon ruwan nan ina jin haushinsa. Yau kuwa da zan iya da na durƙusa na sumbace shi, sai dai leɓena zai manne.

Kin ce ranar da aka buɗe hanya in zo in ƙarasa tambayar da na faro bara, muddin na cika sharaɗinki. To ga ranar ta zo. Akwai abin da ya wajaba ki sani kafin in taho, kuma zan faɗa miki shi a wasiƙar nan, amma ki bar ni in bi ta hanya mai nisa tukuna. Mai tsoro ba ya miƙewa kai tsaye, ni kuwa yau murna da tsoro ne suka haɗu a cikina suna dambe.

Kina tuna ranar? Ni dai ko sumar kaina ta tuna. Na ɗauko ki daga kasuwa a cikin Yanyawa, jar motata mai kujera biyu, wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa, wadda duk ƙarfinta ke tayoyin baya. Kin shigo da jakar magunguna na asibitinku a kan cinya, kin dubi motar sama da ƙasa, da kallon nan naki da ya fi zagi ciwo. Da muka isa shingen bakin gaɓa na kai hannu zan ɗaura miki bel, sai kika make mini hannu. Kika ce, "Kwance naka ma, ɗan tudu. A kan teku ba a ɗaure kai. Kuma ka cire makullin ƙofa." Na san dokar kamar kowa, amma a bakinki ta yi mini daɗi kamar ranar na fara jin ta: a bar tazarar minti biyu tsakanin mota da mota, a yi tafiya ko a hankali sosai ko da ɗan sauri, ban da tsaka-tsakin da ke tayar da igiyar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara. Sannan babbar dokar, wadda yaran firamare ma suka haddace: ba a tsayawa.

Wayyo, wannan tafiya! Sama fara, ƙasa fara, babu gaba babu baya, sai mu biyu a cikin jan ɗigo guda muna shawagi. Rana tana bugun ƙanƙara tana dawowa kan kuncinki. Kin cire hularki ta ulu, gashinki ya zubo kalar zuma, kina nuna mini inda aka shimfiɗa katako a kan tsaga, kina dariya don kin ga na ƙanƙame sitiyari. Zobe yana aljihun rigata, yana ƙona ni tun daga gida. Na yi niyyar sai mun isa, sai mun ci miyar wake, sai na gaida Baba yadda ya kamata. Amma wane ɗan'adam ne zai gan ki a cikin wannan haske ya iya jira? Ina hankali yake zuwa idan zuciya ta karɓe sitiyari? A daidai tsakiyar teku na taka birki.

Na ce, "Leelo, tun ranar da kika taɓa maɓallin rigata don neman sa'a, yadda ake yi wa masu sharar bututu..." Iyakar abin da na samu faɗa ke nan. Kika juyo, fuskarki ta koma fara kamar abin da ke ƙarƙashinmu, kika ce, "Tsayawa ka yi? Veiko, tsayawa ka yi? Ja mota! Ja mota, na ce!" Na ruɗe, na danna totur har ƙasa. Tayoyin baya suka hau juyawa a wuri ɗaya suna goge ƙanƙara har ta yi sheƙi, Yanyawa ta kaɗa jela, ta juya a hankali kamar mai rawa, ta tsaya tana kallon inda muka fito. Na sake dannawa, ta sake juyawa. Motar burodi da aka saki bayanmu ta zo ta kauce mana da ƙyar tana hon. Daga can gaɓarku kuwa Baba Endel yana kallon komai ta madubin hangen nesa.

Da baya aka jawo ni zuwa tsibirinku, a ƙarshen igiya, kamar maraƙin da ya ƙi kasuwa. Ranar ce kuma ƙauye duka ya fito wasan sulɓi a kan tudu, har da tsofaffi masu sanda. Baba ya sauko yana naɗe igiyarsa a gwiwar hannu, ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce, "Malam mai hayaƙi, wai ita wannan abar, da igiyarta ake sayar da ita, ko igiyar daban ake saye?" Aka fashe da dariya har wani ya zauna a cikin dusar ƙanƙara. Ni ma na yi yaƙe. Ke kaɗai ce ba ki yi dariya ba.

A kicin kika same ni, kika rufe ƙofa. Kika ce mutum uku kika taɓa lulluɓewa da bargo bayan an tsamo su daga ruwan nan, biyu suka farka. Kika ce, "Ba motar ce damuwata ba, ƙafarka ce. Kai idan daɗi ya cika ka, ƙafarka ke yin tunani. Ni kuwa ba zan zauna kusa da mutumin da murnarsa za ta iya kashe ni ba." Sannan kika gindaya mini sharaɗi: hunturu guda cur, daga zubar ƙanƙara ta farko har ranar buɗe hanya, in yi aikina kullum da wannan motar, ba aro, ba bas, kuma kada a ɗaura mata igiya ko sau ɗaya. Kika ce in na iya, in zo in ƙarasa maganata. Kika hana ni tayar da zancen a waya. Sai kika zuba mini miya, kika tura mini burodi, kamar ba ke ce kika gama yanka ni ba.

To, ya farin cikin raina, zo ki ji abin da ɗalibinki ya koya! Tun kafin ganye ya gama zuba na sa wa Yanyawa tayoyi masu ƙusoshi, ƙafa huɗu. Na ɗora buhun yashi biyu a but, daidai kan tayoyin baya, don su samu nauyin da za su cije ƙasa. Shebur yana bayan kujera. A kujerarki kuwa, kujerarki da ba na bari kowa ya zauna, burushina ne da sandunan shara suke zaune, kawunansu sun leƙo ta taga kamar fasinja mai gashi buzu-buzu. Na koyi tashi da giya ta biyu. Na koyi taka totur kamar akwai ɗanyen ƙwai a ƙarƙashin takalmina. Na koyi ajiye ta tana kallon gangare, in bar ta a giya, don birkin hannu yana daskarewa ya ƙi saki. Idan an kwana ana zuba, ba na gaggawa, sai in sha kofi in jira motar share ƙanƙara ta wuce, don cikin Yanyawa ba ya son tudun ƙanƙara. Ni, Veiko, ina jira! Mahaifiyata da ta ji labari sai da ta taɓa goshina.

Mutane ba su bar ni na huta ba. A gidan mai suna cewa ga ango da takalmin rawa a cikin taɓo. Maƙwabcina Kalju mai tarakta kuwa kullum da safe sai ya ɗaga mini igiya ta kan shinge, ya ce, "Yau ne?" In ce masa, "Ba yau ba." Har hawan gonar Iya Salme, tsohuwar nan da ke zaune ita kaɗai a kan tudu, inda manyan motoci masu jan ƙafa huɗu ke nishi, na gano sirrinsa. Daga wajen gada ake ɗauko shi, da gudu daidai, ba ƙari ba ragi, kuma idan an fara ba a ɗaga ƙafa sai an ga ƙofar rumbu.

Kuma, Leelo, akwai daɗi! Ban san akwai irin wannan daɗin a cikin haƙuri ba! Akwai wata kwana bayan coci, da safe idan ba kowa, ƙanƙara sabuwa fil ba sawun kowa. In shigo a hankali, in ɗan taɓa totur, sai in ji bayanta ya zame tafin hannu guda, ba a kunnena ba, a ƙashin bayana nake jin sa. In juya sitiyari in bi ta, idona a inda nake so in je, ba a ramin da nake tsoro ba, sai ta dawo ta miƙe sumul, farar ƙura tana tashi a madubi. Zuciyata ta buga kamar ganga! Sau nawa na kira sunanki da ƙarfi a wannan kwanar, burushi kaɗai ke ji? Sau nawa na ce da ma kina nan ki ga ƙafar nan da kika raina ta zama mai ladabi? Ina hawa rufin mutane, in tsaya kusa da bututu in dubi yamma, inda tsibirinku yake kwance kamar baƙin zare a bakin sama, in ce masa saura kaɗan. Kwana casa'in da shida, hasken rayuwata. Kwana casa'in da shida ba a ja ni ba.

Yanzu na zo inda nake gudu.

Yau da safe ina kan hanyar zuwa aiki, na wuce gidan Kalju kaɗan, rediyo yana ta surutunsa, sai na ji an ce an buɗe hanyar teku daga ƙarfe goma. Leelo, ban san lokacin da na yi ihu ba. Ban san lokacin da ƙafata ta danna ba. Wallahi ban sani ba! Yanyawa ta kaɗa jela hagu, na kamo ta, ta kaɗa dama, ta kufce mini, sai ga mu cikin ramin gefen hanya, ƙanƙara har bakin ƙofa, tayoyin baya a sama suna juyawa a banza. Ba abin da ya same ni, ba abin da ya same ta. Na zauna a ciki, rediyo yana maimaita albishir, ni kuwa ina kallon farin bango a gilashi.

Ba a jima ba na ji ƙugin tarakta. Kalju ya sauko da igiyarsa, amma da ya ga fuskata bai ce "Yau ne?" ba. Ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce, "Ɗan'uwa, babu kowa a hanya. Ni ban ga komai ba, tarakta kuma ba ta da baki." Na ce ya mayar da igiyarsa. Na zaro shebur, na fara haƙa. Na lissafa awa biyu, ko uku, in haƙe ƙarƙashinta, in yanka buhu in watsa yashi, in fito da kaina, sharaɗi bai karye ba. Ina cikin haƙa waya ta yi ƙara. Iya Salme ce, tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Ta hura wuta hayaƙi ya ƙi fita, ya dawo ya cika ɗaki, ta kashe wutar da ruwa, ga sanyi ya kai goma sha tara ƙasa da sifili, ga ta shekara tamanin da huɗu. Ta ce, "Ɗan nan, ba gaggawa ba ce, in ka samu sarari." Haƙoranta suna kaɗawa tana faɗar haka.

Da hannuna na karɓi igiyar. Da hannuna na durƙusa na ɗaura ta. Minti biyu bai cika ba Yanyawa ta hau kan hanya tana kakkaɓe jiki kamar ba abin da ya faru.

Bulo ne ya ɓalle ya toshe bututun. Ina kan rufi ina zaro shi, sai ga Iya ta fito ƙofa a naɗe da bargo, ta ɗaga kai ta ce, "Kai, me ya sa kake zubar da hawaye a kan gidana?" Na ce, "Hayaƙi ne, Iya." Ta ce, "Wutar a kashe take, ɗan nan. Sauko ka sha shayi." Na sauko, na hura mata wuta, na zauna har ɗakin ya yi ɗumi.

Kada ki ɗauka na kawo miki labarin Iya Salme don ya wanke ni. Igiyar dai saboda ita na karɓa, kuma ko gobe aka sake, zan sake karɓa. Amma ramin ba ita ta jefa ni ba. Ƙafar nan ce, ita dai, da ciwonta na bara, wanda kika gano tun a kicin. Na koya mata tsoron santsi, na koya mata tsoron tudu, ashe ban koya mata yadda ake jin sunan hanyarki ba tare da ta haukace ba. Na ji kunya, Leelo, kunyar da ta fi ta ranar da aka jawo ni da baya, don waccan ta idon mutane ce, wannan kuwa tawa ce ni kaɗai. Kalju zai yi shiru har kabarinsa, na sani. Da na so, da ranar Asabar na shigo tsibirinku ina hon, Baba ya cire mini hula, ke kuma ki ce e. To, in ɗauki wannan e ɗin in kai ta ina? In ajiye ta a wane ɗaki da ba zan riƙa jin warin ƙarya ba? Shekara arba'in ina kallonki muna cin abinci a tebur ɗaya, ina sane da cewa amsar da kika ba ni ta wani mutum ce da babu shi?

Amma duk da haka, ki ji wani abin mamaki, murnar ta ƙi mutuwa! Ina rubutu ƙafata tana rawa a ƙarƙashin tebur! Hanya a buɗe take, ya tauraruwar asubata, ya ruwan farko da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙanƙara idan bazara ta matso! Kina can, kilomita goma kacal, kina auna zazzaɓin wani, kina ɗaure gashi da fensir yadda kika saba, ba jirgin fito tsakaninmu, ba jadawali, sai farin fili. Yaya za a yi mutum ya san haka ya zauna lafiya? Yaya za a yi in yi baƙin ciki sosai a duniyar da kike cikinta?

Ga roƙona. Wasiƙar nan za ta ƙetaro gobe Juma'a a motar burodi, direban ya yi mini alkawarin sa ta a hannunki. Masu hasashen yanayi sun ce iskar kudu za ta juyo ranar Litinin, kin kuwa fi ni sanin abin da hakan ke nufi: wataƙila Lahadi ce ranar ƙarshe, kuma akwai shekarun da tekun nan ba ta daskarewa sam, biyu ko uku a jere. Ranar Asabar da ƙarfe goma zan kasance a shingen gaɓarmu. Zan ajiye mota a gefe, in bar kowa ya wuce. Ba wanda zai hana ni shiga, hanya ta kowa ce, amma ba zan ɗora taya a kan ƙanƙarar ba sai da izininki, don ban cika abin da kika ce ba, ba ni da haƙƙi. Idan zuciyarki ta ga cewa kwana casa'in da shida da gaskiya guda sun isa a saurari mutum, ki aiko mini da kalma ɗaya a waya: taho. Zan taho a hankali, Leelo, zan kashe rediyo, ba zan tsaya ba, ba zan buɗe baki ba sai na ga ƙasa a ƙarƙashin tayoyina da ke a gabana.

Idan kuwa rana ta sunkuya, aka saukar da shinge ban ji daga gare ki ba, ba zan yi fushi ba, ba zan kira ba, ba zan aiko kowa ya roƙe ki ba. Zan juya gida. Zoben zai koma aljihu, kujerarki ta ci gaba da zama taki. Ƙanƙarar farko ta baɗi za ta same ni a bakin ƙofa da shebur, in fara ƙirga daga ɗaya. In teku ta ƙi daskarewa baɗi, in ƙirga na shekarar da ke biye, da mai bi mata, har sai gashina ya yi fari, har Kalju ya tsufa ya kasa ɗaga igiya. Ba ni da wata tambayar da zan yi wa wata mace a duniya. Guda ɗaya ce, na faro ta a tsakiyar teku, rabinta yana wurinki, rabin yana bakina, kuma ba zan haɗiye shi ba.

Naki a santsi da kan tudu, naki in an ce taho, naki ko ba a ce ba, har ranar da numfashina zai daina yin tururi a cikin sanyi,

Veiko